Hoton Anko a Atina

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin filin jirgi da koke-koken bankwana ba. Na tafi, shi ke nan. Ku kira ni Lubabatu, ku ɗauka 'yar Ƙofar Wambai ce ni a Bauchi. Sunan ba nawa ba ne, unguwar ma na ɗan karkata ta, kuma za ku ga dalili. Lamba sha ɗaya nake bugawa, da ƙafar hagu. Wadda ta sa na zauna rubuta wannan ita ce golarmu, ƙawata tun muna aji ɗaya a sakandare, wadda zan kira Jummai. Ina can ƙasar da ba ta taɓa gani ko a mafarki ba na jawo mata abin da har yau ba ta fita daga cikinsa ba. Mai neman labarin wadda ta je Turai ta yi arziki ya ƙara gaba.

Istanbul aka fara sauke mu, mu huɗu. Wani Alhaji ne ya kai mu, irin masu yawo filayen ƙwallo da baƙin tabarau da waya biyu. Ya ce wani babban kulob na mata zai gwada mu. Gwajin da aka yi, filin roba ne a bayan wata makaranta. Wani tsoho da sigari a baki ya kalle mu kamar minti ashirin, ko biro bai ciro ba. Bayan kwana uku Alhaji ya ce zai je ya karɓo mana takardun kwantiragi. Har yau yana hanya.

Biza ta ƙare. Na samu aiki a wani ɗakin ƙasa inda ake ɗinka wanduna, aikina yanke zaren da ya yi saura. Tun safe har yamma almakashi ne a hannuna, ba na ganin rana. Akwai wata tsohuwa mai kawo mana shayi, ba na jin yarenta ba ta jin nawa. Ranar da sanyi ya fara, ta kalli ƙafata cikin silifa, ta girgiza kai, washegari ta kawo min safa biyu na mijinta. Su na sa har suka yage.

Jummai kuwa kullum sai ta turo saƙon murya.

"Ke 'yar Turai, yaushe za mu gan ki a talabijin? Mun gaji da kallon ƙafafun wasu."

"Ke dai ki bar tare ƙwallo da baki," in ce mata, "ki koyi tarewa da hannu."

"Shegiya. Jiya na ci masa guda goma a madadinki, da miyar taushe, kin ji daɗinta?"

Na je gaban wani babban filin wasa na ɗauki hoto na tura mata, na ce nan muke atisaye. Ƙaryata ta farko ke nan a tafiyar, kuma ba ta yi min wuya ba.

Labarin teku ba na son sa. Na shiga, na fito, wasu ba su fito ba. Daga nan sai sansani a wani tsibiri na ƙasar Girka, wata takwas. Layin abinci, layin banɗaki, layin likita, layin da za ki bi a gaya miki layin da za ki bi. Ni da ko gyaɗa ba na iya jira a gama soyawa. Sau biyu na yi dambe a layi, sau ɗaya na yi nasara. Daga baya aka ba ni wata takarda ta wucin gadi aka tura ni Atina, babban birninsu, in jira ranar da za a saurari maganar neman mafakata.

A Atina na sami ɗaki da wasu mata uku 'yan Afghanistan. Kusa da mu akwai wani ɗan fili. Na tsinci wata tsohuwar ƙwallo, nakan je in yi ta dukan bango da ita don kada in haukace. Wata rana na juya na ga wata mace tsaye tana kallona, za ta yi shekara arba'in da wani abu, ta aske kanta ƙwal, gashin da ya tsiro fari ne. Da ɗan Turancinta da ɗan nawa muka fahimci juna.

"Wa kike bugawa?"

"Bango."

Ta yi dariya. Ta ce sunanta Eleni, nas ce a wani asibiti, kuma kyaftin ɗin wani ƙaramin kulob. Suna atisaye duk Laraba da yamma. Na ce ba ni da takarda. Kulob uku na riga na je, duk tambayarsu ta farko ita ce takarda. Ta ce, "Ƙafa na tambaye ki."

Na je. Maza da mata a haɗe, wasu da tumbi, wasu ba su ma iya tsayar da ƙwallo ba. Na ga wata tuta mai launin bakan gizo a jikin wayar da ta kewaye filin, ban kawo komai a raina ba, na ɗauka tutar kulob ce. Sai da Eleni ta ci ƙwallo, wata mace ta rugo daga benci ta rungume ta, ta sumbace ta a baki, a gaban kowa, ba wanda ya ko ɗaga kai. Na ce a'uzu billahi da ƙarfi. Na cire but ɗin da suka ara min na ajiye, na kama hanya.

Dole ku san inda na fito. A Bauchi, mace ta ce za ta buga ƙwallo, kafin ta ɗaura igiyar takalmi an riga an kira ta 'yar maɗigo. Kocinmu ya taɓa jera mu a rana ya ce duk biyun da ya kama a katifa ɗaya in mun je wasa wani gari, su tattara kayansu. Ya hana aski, ya sa ana duba mana waya. Ya kori wata yarinya 'yar Tafawa Ɓalewa saboda tafiyarta irin ta maza ce, babu wani dalili bayan wannan. Mu kuma don mu tsira sai mu fi kowa zagin 'yan maɗigo, mu fi kowa dariya. A wannan dariyar ba wanda yake kamo ƙafar Jummai.

Laraba ta zagayo na koma. Ba wani tunani mai zurfi na yi ba, ƙwallo nake so, kuma bayan atisaye suna cin abinci. Eleni ba ta ce min komai ba, but ɗin kawai ta miƙo min. Sati biyu bayan haka na lura an daina sa naman alade a abincin, ba wanda ya yi sanarwa. Da magariba ta yi, wani siririn yaro mai ɗan kunne, wanda a gida da tuni an kira shi ɗan daudu an jefe shi, shi ya duba min alƙibla a wayarsa, ya shimfiɗa min rigarsa ta sanyi a bayan raga. Ban canza addini ba, ban canza abin da aka karantar da ni ba. Hukunci na Allah ne. Amma a duk tafiyar nan, su ne mutanen da suka fara tambayata ko na ci abinci kafin su tambaye ni daga ina nake.

Ranar Lahadi muke buga gasar ƙananan kulob-kulob. Can na ga ashe Turai ma ba a bar su ba. Wasu ƙungiyoyin sukan ƙi zuwa, wasu su ƙi gaisawa da mu. Maza sukan jeru a jikin waya suna ihu, ban san yaren ba amma zagi ba ya bukatar tafinta. Suna da wata al'ada: da an fara zagin, Eleni ta ɗaga hannu, duk su zauna a ƙasa a tsakiyar fili. Ba za su tashi ba sai alƙalin wasa ya ciro takarda ya rubuta abin da ya ji. Ranar farko muna gaba da ci ɗaya, ƙwallo tana ƙafata, na ga kowa ya zube.

"Ku tashi mana!" na ce. "Mu zura musu uku, shi ne maganinsu!"

"Zauna, Luba," in ji Eleni. "Shekara goma muna zura musu. Ba su daina ba."

"To zaman ya sa sun daina?"

"A'a. Amma yanzu a rubuce yake."

Na zauna ina ƙunƙuni. Wani ya wurgo kwalbar ruwa ta same ni a kafaɗa. Shi bai tsaya tantance wacece ni ba.

Kulob ɗin suna da lauya mai taimaka musu kyauta. Ya duba takarduna ya ce gaskiya ba ni da hujja. An cuce ki, ba dalilin ba da mafaka ba ne, sai in akwai wani abin da zai sa komawa gida ta zama haɗari. Ya faɗi haka yana kallona, ya bar maganar a buɗe.

Bayan kwana biyu muna zaune da Eleni ina nuna mata hotunan gida. Muka zo kan na bikin yayar Jummai da aka yi a Tirwun. Ni da Jummai cikin anko, atamfa ɗaya, ɗaurin ɗankwali ɗaya, lalle iri ɗaya. Ta kwantar da kanta a kafaɗata, yatsunmu a sarƙe. A wani hoton tana sa min masa a baki. A ƙasa ta rubuta "rabin raina", Eleni ta tambayi ma'anarsa, na gaya mata. Duk 'yar Hausa tana da irin hotunan nan da ƙawarta, ko uwarta ta gani sai dai ta ce Allah ya bar zumunci. Eleni kuwa idonta ya kawo ruwa. Ta dafa hannuna.

"Ita ce?"

Ba zan ce ban gane tambayar ba. Na gane sarai. Na ce, "Ita ce."

Daga nan abu ya tafi da gudu. Lauya ya sake rubuta bayanina. Kulob suka ce za su yi gangami a shafinsu na intanet, a tara sa hannun jama'a kada a mayar da 'yar wasansu inda za a kashe ta. Suka nemi izinina su sa hoton. Ba su yi sakaci ba, sai da Eleni ta tambaye ni sau biyu, kuma suka rufe fuskar Jummai gaba ɗaya. Ni kuma na kalli rubutun Girkanci, duk ƙugiyoyi da ƙahoni, na ce wa zai karanta wannan a Ƙofar Dumi, unguwar su Jummai? Na ce su sa.

Sun rufe fuska, sun bar atamfa. Su a wurinsu tufa tufa ce. A Bauchi kuwa duk matar da ta je bikin nan ta san wannan ankon, ta kuma san mu biyu kaɗai muka yi wa namu irin wannan hannun rigar, don Jummai ce ta ɗinka da kekenta. Da sun rubuta sunanta da na ubanta ma ba zai fi haka bayyana ba. Waya kuma tana fassara kowane yare, dannawa ɗaya ce. Na san haka. Ban so in tuna ba ne.

Sati uku aka yi hoton ya isa Bauchi. Yaya Auwal, wana, shi ya fara kira. Ko sallama bai yi ba.

"Umma ta ce in gaya miki kada ki ƙara kiran ta. Ni ma haka." Ya kashe.

Washegari da hantsi sai ga kiran Jummai. Muryarta ƙasa-ƙasa, na ji kamar a banɗaki take.

"Luba, me na yi miki?"

"Jummai, wallahi ƙarya na yi musu, don takarda..."

"Na san ƙarya ce, ai da ni aka ɗauki hoton. Rufe baki ki saurara, ba ni da lokaci."

Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, a hannun ƙanensa take, Baffa, malamin allo ne a Ƙofar Dumi. Ta ce Koci ya dakatar da ita. Mata sun fara zuwa suna karɓe ɗinkinsu. Samari sun zo ƙofar gida, Baffa ne ya fita ya kore su, ya ce 'yarsa ce, shi zai bincika. Ya tara 'yan uwa a zaure, ya ɗauko Alƙur'ani, ya ce ta dafa ta rantse ita ba 'yar maɗigo ba ce, ba ta taɓa yi ba, ba ta taɓa sha'awa ba. In ta rantse magana ta mutu, duk wanda ya ƙara tayar da ita shi da shi ne.

"To ki rantse mana!" na ce. "Mene ne a ciki?"

"Na ce musu ba ni da tsarki. Kuma gaskiya ne, jiya ya zo min. Baffa ya ce a jira in yi wanka. Kwana bakwai nake yi, zan iya ja zuwa takwas, matarsa tana lissafe da ni."

"To bayan nan ki rantse, a huta."



"Ba zan iya ba, Luba."

"Saboda me?"

"Ke dai kullum ƙwallo ke gabanki, ba kya ganin komai. Ba ke ba ce, kada ki tsorata, ko kusa ba irinki nake so ba, bakinki ya yi yawa." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shekara nawa ina ɓoye abin nan, ko ke ban gaya wa ba. Ina azumi a kai, ina kuka a sujada. Na iya tafiya, na iya dariya inda ake dariya. Ba wanda ya taɓa zargina. Sai ke da babu ruwanki kika ɗauke shi kika yafa kamar gyale, don a ba ki takarda."

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Ke za ki iya rantsuwa, don taki gaskiya ce. Ki yi alwala, ki dafa Alƙur'ani, ki ɗauki bidiyo. Ki ce babu komai tsakaninmu, hoton anko ne, ƙarya kika yi wa Turawa. Na tambayi Baffa, ya ce in mai ƙazafin ta janye da bakinta a kan Littafi, ba sai an rantsar da ni ba. Zai tura wa kowa ya gani."

Intabiyuna na neman mafaka saura kwana goma.

Ranar Laraba na ja Eleni gefe na gaya mata komai. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Kin san mutum nawa na raka wancan ofishin, masu gaskiya, aka ce ƙarya suke? Irinki ne suke sa a ƙi yarda da su." Ta juya ta yi tafiyarta har bakin raga, ta dawo. A take ta sa aka cire hoton, amma an riga an kwafe shi, yana yawo a wayoyin mutane. Na tambaye ta in na tura bidiyon me zai faru. Ta ce lauya ya sha faɗa, ofishin suna bincika intanet kafin intabiyu, kuma abin da ya tashi daga nan ya isa Bauchi zai iya tasowa daga Bauchi ya iso nan.

"To me zan yi?"

"Ba zan kai ƙararki ba," ta ce. "Amma kada ki tambaye ni. Kin san wadda ke cikin wuta a cikinku."

Na ari Alƙur'ani wurin ɗaya daga cikin matan ɗakinmu. Na yi alwala, na sa hijabi, na jingina waya da kofi, na dafa na rantse. Minti ɗaya da rabi. Yana nan a wayata, dannawa ɗaya ya rage. Sai na tuna ɗakin ƙasa na Istanbul, na tuna teku, na tuna layi. Na ce bari zuwa gobe. Na ce ai Jummai wayayyiya ce, za ta ƙara jan kwana biyu. Na ce wa zai tsaya ƙirga wa mace kwanakinta. Saƙonninta suna shigowa, gajeru. "Saura biyar." "Saura uku, Luba." "Don girman Allah." Ina gani, ba na buɗewa. Ni da ban taɓa iya jiran komai ba a rayuwata, na jira kwana goma cur.

Intabiyun awa huɗu aka yi. Wata mace mai tabarau ta yi ta tambaya, tafinta yana juyawa. Yaushe na fara ganewa, yaya nake ji in ana zagin irina a gabana, yaya nake da sallah. Ban sha wuyar amsawa ba. Abin da Jummai ta faɗa min a waya na kwashe na ba ta, azumin, kukan sujada, dariya inda ake dariya. Har matar ta miƙo min takardar share hawaye.

A kan matakalar ofishin na tura bidiyon. Sai da yamma amsa ta zo, saƙon murya. Muryarta a kwance, kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Na gani. Ki bar abinki, ba na bukata. Shekaranjiya bayan la'asar aka taru. Na dafa, na faɗi duk abin da Baffa ya ce in faɗa. Ya yi kuka, ya ce alhamdulillahi, ya sa aka dafa shinkafa aka raba. Koci ma ya aiko in dawo. Kowa ya huta. Ni dai na san abin da na ɗora hannuna na dama a kai, na san abin da na faɗa. Ina zaune ina jira in ga ta inda Alƙur'anin zai fara ci na. Safar hannuna ta gola na ba wata yarinya. Kada ki ƙara nemana."

Bayan wata biyar katina na mafaka ya fito. Sun yarda da ni. 'Yan kulob suka kawo kek, suka ɗaga ni sama, Eleni ta tafa tare da su, ba ta gaya wa kowa ba har yau. Ina buga musu duk Lahadi, in an fara zagi nakan riga kowa zama. Gida kuwa babu hanya. A Bauchi ni ce 'yar maɗigon da ta yi wa baiwar Allah ƙazafi, a nan kuma in na taka ƙasar Najeriya katin ya mutu. Aiki nake a bayan wani gidan abinci, ina wanke tukwane.

Ƙanwata ce kaɗai take min magana, a ɓoye, in Umma ta fita unguwa. Kwanan baya na daure na tambaye ta Jummai. Ta ce lafiyarta ƙalau, ɗinki ya dawo mata har ya fi da, mutane suna jin kunyar abin da suka yi mata. Ba ta dai koma ƙwallo ba.

"Sai wani sabon iyayi da ta tsiro da shi," in ji ƙanwata tana dariya. "Yanzu ba ta sa hannun damanta a abinci, Yaya. Ko tuwo ne sai da cokali. Har Baturiya ake ce mata."